Kwanakin Hunturu a Ɗakin Wankan Karnuka

Litinin, 9 ga Disamba

Hazo ya sauko Kaduna tun daren jiya. Ina isa shago na tarar da Likita, likitar dabbobinmu, tsaye gaban kanta tana duba abin da ya rage mana: rabin galan na shamfun yau da kullum, kwalba guda ta mai magani, kwandishina kuwa sai an kifa robar an jira ya tsiyayo. Dilan da ke kawo mana kaya daga Legas ya aiko cewa irin wanda muka saba ya yanke, in ma an same shi kuɗinsa ba zai zo kusa da na bara ba. Ya haɗo mana samfuri uku. Likita ta turo su gabana ta ce, "Malam, kai ne hannunka ke cikin ruwa. Ka gwada su, kafin ƙarshen mako mai zuwa ka faɗa mini wanda za mu saya." Kirsimeti ya matso, kuma a sana'ar nan babu lokacin da ya kai shi cika, kowa yana so karensa ya yi fes kafin baƙi su zo.

Shagon namu ɗaki biyu ne a bayan asibitin dabbobi, ɗaya na wanka, ɗaya na busarwa da aski. Ni da yaro ɗaya muke riƙe da shi.

Ban buɗe ko ɗaya ba sai da na karanta bayan kwalaben. Na farko ƙaramar kwalba ce ta rabin lita, ruwan hoda, ba a sirka shi, kuma tun kafin a cire murfi ƙamshinsa ya cika ɗaki. Yaron shago ya zaɓe shi nan take. Na biyu galan ne irin na Amurka, lita 3.8, ba launi ba ƙamshin kirki, an rubuta a zuba kashi ɗaya cikin kashi 32 na ruwa. Na uku shi ma galan ne, mai garin hatsin ot, kashi ɗaya cikin 16.

Na ɗauki biro. Galan mai sirki 32 yana ba da kusan lita 125 na ruwan wanka, mai sirki 16 kuma kusan lita 65. 'Yar kwalbar nan mai ƙamshi da wuya ta wuce manyan karnuka biyu ko uku. A kan kanta ita ce mai araha, a cikin baho ita ta fi kowanne tsada. Na kuma lura ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, sai wasu kalmomi masu daɗi game da tsirrai. Galan biyun sun jera nasu: mai sirki 32 yana da sodiyom loret salfet, wanda ya fi ɗan'uwansa loril salfet sauƙi a fata, na ot kuma abin wankewarsa irin wanda ake samu ne daga man kwakwa. Kamfanin da ya ɓoye abin da ya zuba, ba ni da dalilin zuba kayansa a jikin karen mutane.

Talata, 10 ga Disamba

Alseshan daga Malali, namiji, babba. Da na tura yatsu cikin gashin wuyansa sai ƙura ta tashi ja. Irin wannan kare gashinsa hawa biyu ne, na sama mai kauri da ke kare shi daga rana da ruwa, na ciki mai laushi da ke riƙe ɗumi. Ƙurar hunturu ta ciki take shiga ta zauna, ta haɗu da maiƙon fata.

Na gwada masa mai sirki 32. Kumfar farko ba ta tashi ba, sai ruwan ƙasa-ƙasa da ke gangarowa. Yaro ya ce shamfun ba shi da ƙarfi, a ƙara. Na hana. Wankin farko datti ne ke cinye kumfar, ga shi ruwanmu na rijiyar burtsatse ne mai nauyi, ko sabulun wanka ba ya kumfa da shi yadda ya kamata. A wanki na biyu kumfa ta tashi daidai, gashi ya fita tas. Yawan kumfa ba shi ne tsafta ba, amma da wuya ka raba mutanenmu da wannan tunani.

Abin da ya fi cin lokaci ɗauraya ce. Hammata, matsematsi, ƙarƙashin wuya, gindin wutsiya, tsakanin yatsu, nan shamfu ke maƙalewa. In ya bushe a wurin, kare ya kwana yana susa, gobe mai shi ya ce shamfunmu ba shi da kyau. Nakan ɗauraye har ruwa ya fito garau, sannan in ƙara.

Da mai gadin gidan ya zo ɗaukarsa na tambaye shi da me suke masa wanka a gida, don na ga amosani fari a bayansa. Ya ce omo, wani lokaci sabulun salo, kowace Asabar. Na zaunar da shi. Akwai ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH. Fatar ɗan Adam tana wajen 5.5, wato tana da ɗan tsami, ta kare kuwa tana wajen 7 zuwa 7.5, wani lokaci ta wuce. Omo da sabulun gargajiya suna can wajen 9 zuwa 10 ko sama. Ga kuma saman fatar kare bai kai namu kauri ba: nasa hawa 3 zuwa 5 ne na ƙwayoyin halitta, namu 10 zuwa 15. Saboda haka abin da hannun mai wanki ke jurewa, kare ba ya jure shi. Ni ba na cikin masu tsorata mutane cewa wanka ɗaya da shamfun mutum zai lalata kare. Ba zai lalata shi ba. Omo kowane mako, a cikin hunturu, shi ne ɓarnar. Ya ce zai gaya wa Alhaji. Allah ya sa.

Laraba, 11 ga Disamba

Yau Lasa ce ta cinye mini yini, 'yar ƙaramar karya fara mai dogon gashi, ta wata Hajiya daga Unguwar Rimi. Asalin irinsu daga Tibet ne, ƙasar duwatsu da sanyi, gashinsu kuma ba ya zuba da yawa, tsawo yake ta yi. In aka kwana biyu ba a taje ba sai ya cukurkuɗe. Wannan ta zo da dunƙule a bayan kunnuwa, a hammata, da inda abin wuya ke gogawa.

Yaro ya riga ya tara ruwa a baho. Na ce ya dakata. Dunƙulallen gashi kamar ƙullin igiyar rama yake, in ya sha ruwa ya bushe sai ya ƙara ɗaurewa. Na sirka kwandishina da ruwa a robar feshi, na fesa a kan kowane dunƙule, na bi da yatsa ina warwarewa daga baki zuwa tushe, ina riƙe da gindin gashin don kada in ja fata. Wanda ya manne da fata na sa masa injin aski, ba almakashi ba, don fatar hammata ba ta da kauri, tana shigewa cikin dunƙulen ba ka sani ba.

A nan ne kwandishina ke nuna amfaninsa. Shamfu, komai sauƙinsa, yana kwashe maiƙo ya bar ɓawon gashi a buɗe, shi ya sa gashi ke yin kaushi, yana kama juna, yana tashi tsaye in an taje shi a busasshiyar iska. Kwandishina yana kwantar da ɓawon, mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba. Ragowar namu yana da silikon a ciki, mai sa santsi da sheƙi nan take. Ina son sa a kan dogon gashi, amma in ana shafawa ba a wanke na baya sosai ba, sai ya taru, gashi ya yi nauyi, ƙura ta riƙa mannewa. A garin da ƙura ke sauka dare da rana wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Na yi mata wanka da na ot, na bar kwandishina minti uku zuwa biyar, na ɗauraye, na busar ina tajewa. Ta fito kamar ba ita ba.

Hajiya ta zo da kanta. Ta ɗauke ta, ta kai hanci, ta ɓata fuska. "Malam, an kuwa yi mata wankan? Ban ji ƙamshi ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, taɓa gashin ki ji."

Ta taɓa, ta yarda ya yi laushi, amma ta ce inda take kai ta da, sai ta yi mako tana ƙamshi. Na ce mata hancin kare ya ninka namu nesa ba kusa ba, turaren da muke ji daidai shi a wurinsa azaba ce, shi ya sa wasu suna komawa gida suke birgima a ƙasa. Kuma turare da launi suna cikin abubuwan da kan tayar wa fata mai saurin kamuwa ƙaiƙayi. Ta yi shiru, sannan ta ce ko kaɗan ne a sa mata. Na fesa ɗigo biyu a ɗan ƙyallen da na ɗaura wa karyar a wuya, ban taɓa fata ba. Muka rabu lafiya.

Matsalar sana'armu ke nan. Kare ake yi wa wanka, amma mai biyan kuɗi da hancinsa yake auna aiki.

Alhamis, 12 ga Disamba

Babu wuta tun safe, janareta kuma ba ya ɗaukar babbar na'urar busarwa. Kare mai gashi hawa biyu ba a sallamarsa da danshi a ciki, don nan fata ke ruɓewa ta yi gyambo. Na ɗaga biyu zuwa gobe.

Da za mu tashi na ga yaro yana rufe robar shamfun da muka sirka da safe zai ajiye. Ya ce asara ce a zubar. Likita tana wucewa ta ji, ta tsaya ta yi masa bayani da kanta. Maganin da kamfani ya sa don kada shamfu ya lalace, an auna shi ne da kaurinsa na cikin galan. Da zarar an ninka shi da ruwa sau 32, ƙarfin maganin ya tafi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, musamman wata mai suna Sudomonas da ke son ruwa. In aka cuɗa kare da irin wannan, bayan kwana ɗaya ko biyu sai maruru masu zafi su feso masa a gadon baya, da zazzaɓi. Ta ce likitocin fata sun san ciwon sarai, kuma daga ɗakunan wanka irin namu yake fitowa. Yaro ya zubar, ya wanke robar, ya kife ta. Dokar shagon nan ita ce a sirka na yini ɗaya kawai.

Juma'a, 13 ga Disamba

Rabin yini. Bayan an sauko daga masallaci wani dattijo maƙwabcinmu ya sake tare ni da tambayarsa ta kullum, yaya nake salla ina wannan aiki. Na ce, "Baba, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Shafi'awa ne suka tsananta." Ya ce ya ji, amma shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ban ja da shi ba. Ina da rigar aiki ta roba da takalmin ruwa, kayan sallata kuma suna rataye a wani ɗaki daban. Yawancin karnukan da ke zuwa mana ma na gadi ne.

Da yamma na ƙarasa biyun jiya da mai sirki 32. Ba abin cewa.

Asabar, 14 ga Disamba

Tun ƙarfe takwas motoci suka jeru. Wanda ya tsaya mini a rai Burbul ne, irin ƙattin karnukan Afirka ta Kudu, daga Barnawa. Tun daga ƙofa warinsa ya riga shi shigowa, wani wari mai tsami-tsami. Mai shi, wani matashi ɗan kasuwa, ya ce, "Oga, ka sa masa wanda ya fi kowanne ƙamshi. Na gaji, ko na wanke shi bayan kwana biyu warin ya dawo."

Na duba. Fatar hammata da ta wuya ta yi baƙi ta yi kauri, tana maiƙo, tsakanin yatsu ya yi ja saboda lasa, kunnuwa cike da baƙin datti. Na ce wannan ba aikina ba ne tukuna, sai Likita ta gani. Bai so ba, yana ganin dabara ce ta ƙara masa kuɗi. Likita ta manna ɗan salatif a fatar, ta ɗaga, ta rina, ta duba a madubin likita. Malaseziya ce, wani irin yis da ke zaune a fatar kowane kare, sai ya samu maiƙo da danshi ya yi yawa. Ta rubuta shamfu mai kiloheksidin kashi 2 cikin ɗari da maikonazol kashi 2 cikin ɗari, sau biyu a mako, ta kuma ce sai an nemo abin da ya jawo, don sau da yawa akwai wani abu a abinci ko a muhalli da jikin karen ba ya so.

Shamfu mai magani dokarsa daban. Ba na sirka shi sai in kwalbar ta ce a sirka. Nakan fara wanke datti da na yau da kullum, don kada mai tsadar ya ƙare a kan ƙura, sannan in shafa shi, in fara da inda ciwon ya fi tsanani, in bar shi minti goma cif. Minti goma da ƙaton kare jiƙe a baho, yana rawar ɗari, yana neman lashe kumfa, ba wasa ba ne. Na sa agogon waya, yaro ya riƙe kai, ni ina ta shafa shi ina masa magana. Mutane da yawa suna sayen shamfun nan da tsada, su shafa su ɗauraye cikin minti biyu, sannan su ce jabu ne. Ban bi shi da kwandishina ba, Likita ba ta ce ba, kuma fatar da maiƙo ya yi wa yawa ba ta neman ƙari.

Ruwan na sa shi ɗumi-ɗumi, wanda in ka zuba a cikin hannunka ba ka jin zafi. Ruwan zafi yana ƙara wa mai ƙaiƙayi ƙaiƙayi.

Sauran na yau na raba su tsakanin galan biyun. Na ot ba ya fitar da maiƙo sosai a manyan karnuka masu datti, sai an maimaita. A kan ƙanana da masu busasshiyar fata kuwa ya fi ɗayan nesa.

Lahadi, 15 ga Disamba

Shago a rufe. Na zaga wasu shagunan kayan dabbobi a gari don in ga abin da masu karnuka ke saye. Kwalabe jere a bakin taga rana tana dukansu, wasu ruwan ciki ya rabu biyu. Na ɗaga wata, babu ranar lalacewa, babu lambar rajistar NAFDAC, babu adireshin wanda ya yi. Tun 1993 aka kafa hukumar nan, amma har yau mai saye bai saba juya kwalba ya duba ba. Wata kuma an rubuta tana kashe kaska da ƙuma da kwarkwata, tana warkar da ƙazuwa, tana sa gashi tsawo. Na mayar da ita inda na ɗauko.

Litinin, 16 ga Disamba

Wani dattijo mafarauci ya zo daga wajen gari da karensa a bayan babur, cikin buhu, kai kaɗai a waje. Da aka fito da shi na ga baƙi ƙirin tun daga wuya har wutsiya. Baƙin mai ne na inji. Ya ce ƙazuwa ce ta kama shi, aka ce masa baƙin mai yana kashe ta.

Na ce, "Baba, yaushe aka shafa?"

Ya ce shekaranjiya, kuma tun jiya karen ba ya cin abinci.

Likita ta ce a fara cire man kafin komai, don yana lasa yana haɗiya, ga dattin ƙarfe da gubar da ke cikin tsohon man inji. Nan ne kaɗai nake yarda da sabulun ruwa na wanke kwanuka a jikin kare, don babu shamfun da ke kantarmu da zai iya da wannan. Da shi ake wanke tsuntsayen teku in ɗanyen mai ya malala. Muka sa safar hannu, muka cuɗa, muka ɗauraye, muka sake, har fatar ta bayyana: ja, ta yi ɓawo, gefen kunnuwa da gwiwoyi duk sun gwaigwaye. Na bi da na ot don ya ɗan sanyaya masa.

Likita ta kankari fatar ta duba. Ta ce ƙazuwar kare iri biyu ce. Ɗaya ƙwaronta yana haƙa rami a fata, tana da ƙaiƙayi mai tsanani, tana yaɗuwa zuwa wasu karnuka, har mutanen gida sukan yi ƙuraje na ɗan lokaci. Ɗayar ƙwaronta a ramin gashi yake zama, ba ta yaɗuwa haka. Tasa ta farkon ce. Ta ba da magani, ta ce sauran karnukan gidan ma sai an yi musu. Babu shamfun da ke warkar da ƙazuwa shi kaɗai, iyakarsa ya cire ɓawo ya rage ƙaiƙayi.

Da kare ya bushe na tsaya ina kallonsa. Siriri, dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, gajeren gashi manne da jiki. Ya tuna mini da Azawak, karen Abzinawa na yankin Azawag tsakanin Nijar da Mali, wanda ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta yi wa cikakkiyar rajista a 2019. Karnukan ƙasar nan an halicce su daidai da zafinta da ƙurarta. In suna da lafiya, buroshi da jiƙaƙƙen tsumma sun ishe su, wanka sai jefi-jefi, kwandishina kuwa ɓarnar kuɗi ce. Masu shan wahala su ne irin su Kokeshiyan da Samoyed, da aka ɗauko daga ƙasashen ƙanƙara aka ajiye a Kaduna, su ne kuma ke ciyar da mu.

Baba ya tambayi kuɗin wanka. Likita ta ce ya biya na magani kawai.

Talata, 17 ga Disamba

Rotwaila cike da kaska, a kunne, a tsakanin yatsu, har gefen ido. Matar gidan ta zo da nata shamfun na kaska, ta ce wata uku tana amfani da shi, kaskar ba ta ƙare ba. Ba za ta ƙare ba. Shamfun kaska yana kashe wadda ya tarar a jiki ne a lokacin, da an ɗauraye ƙarfinsa ya bi ruwa. Kaskar kare mai ruwan ƙasa kuwa a tsagar bango da ƙarƙashin keji take zama, macen tana zuba ƙwai dubbai, kare yana komawa gida sababbi su hau. Ita ce kuma ke sa musu zazzaɓin da ke shanye jini. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari-fari, na tura su wajen Likita.

Na juya kwalbar tata, famitirin ne a ciki. Na tambaye ta ko suna da kyanwa. Ta ce biyu, kuma tare suke kwana da karen. Na ce, "Madam, wannan maganin kare yana jure shi, kyanwa kuwa yana iya kashe ta." Ta riƙe baki. Likita ta ba ta zaɓi tsakanin ƙwayar da ake ba kare ya ci, irin su NexGard mai wata guda ko Bravecto mai mako 12, da kuma na ɗigawa a ƙeya. In na ɗigawa ne mai fifronil, ba a yi wa kare wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa, don a cikin maiƙon fata yake bazuwa. Shi ya sa nake tambayar duk wanda ya kawo kare ko an ɗiga masa wani abu a makon, kamar yadda nake tambayar katin rigakafin ciwon hauka.

Shamfun kaska ba zai shiga cikin abin da zan ce a saya ba.

Laraba, 18 ga Disamba

Shinauza na wata baturiya. Gashinsu mai kaushi ne, haka ake son sa, shi ke hana ƙaya da datti kama shi. Yaro ya miƙo kwandishina, na girgiza kai. Gemu da gashin ƙafafu kawai na ɗan shafa wa don mataji ya wuce.

Da la'asar muka zauna da Likita. Na ce a sayi galan biyu na mai sirki 32, shi zai ɗauki manyan karnuka da wankin farko na kowa. Galan ɗaya na ot saboda ƙanana, da 'yan kwikwiyo, da duk wanda hunturu ya busar wa fata. Kwandishina mara nauyi wanda ake iya sirkawa a fesa, galan ɗaya ya isa, tunda ba kowa ake sa wa ba. Mai magani ya zauna a kantarta, ba a tawa ba, in ta rubuta in ɗauko. Ta tambayi na fararen karnuka, mai launin shuɗi-shuɗi. Na ce ƙaramar kwalba ta isa. Ba ya cire tabo, ido kawai yake ruɗa, shuɗin ya danne rawaya, kuma in aka bar shi ya daɗe a gashin da ya lalace sai kare ya fito da shuɗi-shuɗi. Jan tabon da ke ƙarƙashin idon Lasa ma daga hawaye yake, shamfu ba ya taɓa shi.

"Mai ƙamshin fa?" in ji ta, tana dariya, don ta san yaro yana saurare.

Na ce a mayar wa dila kayansa.

Alhamis, 19 ga Disamba

An dawo da Burbul wanka na biyu. Warin ya ragu ƙwarai, jan tsakanin yatsu ya fara dusashewa. Mai shi ya tsaya a bakin ƙofa, shi da kansa ya riƙe agogo. Ya ce ya kashe kuɗi mai yawa a kan shamfu kala-kala tun damina, ba wanda ya taɓa ce masa ya kai karen a duba fatarsa.

Irinsa suna da yawa, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai, har da namu masu wanka da muke karɓar kuɗi mu rufe wari da turare. Mai kare, in ka ga yana yawan susa, ko gashi yana zuba wuri-wuri, ko wari yana dawowa kwana biyu bayan wanka, kada ka sake sayen wata kwalba. Ka kai shi wajen likitan dabbobi tukuna, sannan ka kawo mana shi da takardar a hannunka.